Yadda za ka kai ƙorafi ko ka nemi sabon abu a manhajar VR har a saurare ka

Duk wanda ya ɗan daɗe da hedset na VR, wato na'urar da ake sawa a ido mutum ya ji kamar yana cikin hoton, Quest ne ko Valve Index ko PSVR2 ko Pico ko Vision Pro, ya san irin wannan haushin. Kana tsakiyar gem sai hannunka ya tashi sama shi kaɗai, ko ƙasa ta karkace kamar ɗakin zai zube, ko afdet ya shigo da daddare da safe ka tarar abin da yake aiki lafiya lau jiya ya ƙi. Sai mutum ya garzaya ya rubuta "wannan afdet ɗin ya lalata komai ku gyara", ya danna tauraro ɗaya ya tafi abinsa. Zuciya ta ɗan huce, to amma maganar gaskiya babu injiniyan da zai iya taɓuka komai da wannan saƙon ko da yana da niyya.

Abin da ya bambanta VR da waya ko kwamfuta shi ne abin da ka gani kai kaɗai ka gan shi. Waya in ta yi hauka sai ka miƙa wa na kusa da kai ya duba, hedset kuwa a kanka yake, a ɗakinka, da hasken ɗakinka, da tsawonka, da faɗin idonka, da yadda cikinka yake juyawa in hoto ya yi tsalle. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wanda ya rubuta manhajar ba ya cikin ɗakin. Saboda haka aikinka gaba ɗaya a nan ɗaya ne, ka sa wani mutum da bai san ka ba, yana zaune can a wata ƙasa, ya iya jawo matsalar nan ta faru a kansa shi ma. In ya iya, rabin gyara ya samu. In bai iya ba, rahotonka zai shiga layin waɗanda ake rufewa da cewa an gwada ba a ga komai ba.

Da farko ka san me kake riƙe da shi

Abubuwa uku mutane suke cakuɗawa. Akwai matsala, wato abu ya kamata ya yi kaza sai ya yi wani abu daban, misali ka danna maɓallin ɗaukar bidiyo sai manhajar ta mutu. Akwai buƙata, abin bai taɓa kasancewa ba kana so a ƙirƙiro shi. Sannan akwai ra'ayi, sun canza fasalin menu kai kuma tsohon ya fi kwanta maka. Dukkansu suna da hurumi amma ba hanya ɗaya suke bi ba, ba kuma mutum ɗaya yake karanta su ba, in ka haɗa su a saƙo guda wanda ya buɗe zai ɗauki na farko ya watsar da saura. Saƙo ɗaya, magana ɗaya. Ko guda biyar ne a ranka ka tura biyar.

Sannan ka gano laifin waye

Nan ne da yawa suke ɓata. Hedset ba manhaja ɗaya ce take tafiyar da shi ba, hawa-hawa ne. Ɗauki mai Quest da yake buga gem ɗin kwamfuta ba tare da kebul ba: akwai tsarin hedset ɗin kansa wanda tun 2024 Meta take kira Horizon OS, akwai manhajar da take turo hoto daga kwamfuta, Air Link ko Virtual Desktop ko Steam Link, akwai rauta a tsakani, akwai SteamVR ko wani abin da yake haɗa gem da hedset ta ƙa'idar da ake kira OpenXR, akwai diraiban katin hoto na Nvidia ko AMD, akwai Windows, sai can a ƙarshe gem ɗin kansa. Kowanne da masu shi daban. In hoto yana kakkatsewa ka je ka zazzage wa mai gem ɗin bala'i alhali rautarka ce take kan tashar waifai ta 2.4GHz mai ƙarancin gudu, ka zalunce shi kuma matsalarka tana nan.

Hanyar ganewa ba wuya, canza abu ɗaya kawai a lokaci guda. Matsalar tana faruwa a wani gem ɗin daban? In a ko'ina take yi har a babban menu, to ba gem ba ne, tsarin ne ko na'urar. In a gem ɗaya ne kacal, na mai gem ne. In kana turo hoto ta iska, gwada da kebul, in ta ɓace ka san waifai ne ko manhajar turowa. In da Virtual Desktop take yi, gwada Steam Link. Kar ka canza abu uku lokaci guda don in ta gyaru ba za ka san wanne ya gyara ba, kuma wannan sanin shi ne abin da ake nema a wurinka.

Ka share gefenka tukuna

Kafin ka ce laifin manhaja ne akwai 'yan abubuwa da za su tambaye ka ko ba daɗe ko ba jima, gara ka riga su. Hedset irin su Quest da Pico da PSVR2 da kyamarorin jikinsu suke gane inda suke a ɗaki, don haka duhu yana rikita su, madubi yana rikita su, bango fari fat da babu komai a jikinsa ma haka, hasken rana mai ƙarfi kuma yana dushe fitilun infrared ɗin da ke jikin kwantirola. Masu Index da Vive da suke da 'yan akwatunan nan da ake kafawa a kusurwa, su ma gilashi da duk abu mai sheƙi abokin gabarsu ne. A Quest akwai saitin mitar hasken lantarki, 50Hz ko 60Hz, in bai dace da na fitilar ɗakinka ba bin sawun motsinka yana iya yin rawa. Goge kyamarorin da ƙyalle mai laushi, duba batirin kwantirola, kashe hedset ɗin gaba ɗaya ka kunna, ba wai ka ajiye shi ya yi barci ba.

In kuma ƙorafin naka dishi-dishi ne ko ciwon kai, duba tazarar gilasan ta dace da tazarar idanunka. Quest 2 matsayi uku kawai gare shi, milimita 58 da 63 da 68, Quest 3 kuma ɗan gare ne ake murzawa. Mutane da dama suna zagin afdet a kan dishi-dishin da gilashi ne kawai ya goce.

Duk abin da ka gwada a nan ka rubuta shi, zai shiga rahoto. Layi ɗaya na "na gwada a ɗaki biyu daban, na canza batir, na yi ristat" yana tsallake maka musayar imel na kwana da kwanaki.

Maimaita matsalar da gangan

Wannan shi ne ƙashin bayan abin, kuma shi ne mutane suka fi ƙyuya a kai. Ka zauna ka nemi hanyar da za ka sa matsalar ta faru duk lokacin da ka ga dama. Fara daga hedset a kashe, ka riƙa lura da kowane taku: me ka buɗe, a tsaye kake ko a zaune, da kwantirola ko da hannu zalla, ka shata iyakar ɗaki ko ta tsayuwa wuri ɗaya ce, minti nawa ka yi kafin abin ya fara. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci sosai a hedset mai cin gashin kansa, wanda ba ya buƙatar kwamfuta, don na'urar tana zafi a hankali kuma in ta yi zafi tana rage wa kanta gudu, matsalar da ba ta zuwa sai bayan rabin awa labarinta daban da wadda take zuwa daga buɗewa.

In ka samu hanyar, sai ka fara rage ta. Taku goma ne, cire ɗaya ka gani ko har yanzu tana yi. Sau da yawa za ka tarar ashe duk abin bai wuce taku uku ba, misali sai ka cire hedset ka mayar a daidai lokacin da gem yake lodi sannan sauti yake ɓacewa. Da ka kai nan kusan ka nuna musu layin da ya karye a cikin aikinsu.

Wani lokacin kuma ba ta yarda ta maimaitu, sai ta ga dama. Ba laifi, ka faɗi haka, amma ka ba da ƙiyasi na gaskiya: cikin gwaji goma ta yi sau nawa. "Wani lokaci" ba ya nufin komai, sau ɗaya a wata ma wani lokaci ne, sau biyar a awa ma wani lokaci ne. Kuma don Allah kar ka ƙara gishiri ka ce kullum take yi don a ɗauke ka da muhimmanci, mai gwaji zai gwada sau biyu bai gani ba ya rufe fayil ɗin.

Hujja

Bidiyo ya fi komai. A Quest ka riƙe maɓallin Meta na kwantirolar dama ka danna tiriga sai ya ɗauki hoto, in ka riƙe tirigar ya fara bidiyo, ko ka bi ta manhajar kyamara. A kwamfuta SteamVR yana da taga mai nuna abin da hedset yake gani, sai ka naɗe ta da manhajar ɗaukar allo irin OBS. PS5 da maɓallin Create. Yi magana a cikin bidiyon kana faɗin abin da kake yi, "yanzu hannuna na zahiri a ƙasa yake amma ga shi nan a sama", don mai kallo ba ya ganin jikinka. In da hali ma wani ya ɗauke ka da waya daga waje a lokaci guda, a matsalar bin sawu wannan haɗin biyun ba shi da na biyu. Gajere dai, daƙiƙa talatin zuwa minti ɗaya, ba wanda zai kalli minti ashirin yana neman inda abin ya faru.

Sai dai bidiyon ciki yana da makanta. Ba ya nuna abin da ya shafi gilashi ko allon kansa, kuma saurin ɗaukarsa bai kai na allon ba, don haka 'yar rawar da take tayar maka da zuciya tana iya fitowa sumul a bidiyo. A nan lambobi suke shigowa. Hedset da yake gudu a 90Hz, wato hoto 90 a daƙiƙa, yana da kusan milisakan 11 ya zana kowane hoto, a 72Hz kusan 14, a 120Hz 8 da ɗoriya. In gem ya wuce wannan lokacin sai tsarin ya cike gurbin da hoton da ya ƙirƙiro daga na baya, Meta suna kiran nasu ASW, Valve suna da nasu, kuma shi ne yake kawo inuwa-inuwar nan a gefen abubuwa in suna motsi. SteamVR yana da jadawalin da yake nuna wannan lokacin kai tsaye, a Quest akwai OVR Metrics Tool, Virtual Desktop shi ma yana da allon da yake rarraba jinkirin ya nuna maka nawa ne na gem, nawa na netwok, nawa na warware hoto. Hoton wannan allon guda ɗaya ya fi shafi biyu na bayani.

In matsalar a gilashi ko allo take, kamar ɗigon da ya mutu ko wani layi, sai ka kara kyamarar waya a gilashin ka ɗauka, a hankali kar ka goge shi, kuma a cikin ɗaki. Rana in ta shiga gilashin hedset tana ƙona allon cikin ɗan lokaci kaɗan, wannan kuma babu afdet ɗin da zai gyara shi.

Sai log, wato rubutun da manhaja take ajiyewa na duk abin da ya faru a cikinta. A menu na SteamVR akwai "Create System Report", ka adana shi a fayil nan take bayan matsalar ta faru kafin ka sake buɗe komai. A Quest in ka bi ta "Report a problem" a saitin gaggawa rahoton yana tafiya daga cikin hedset ɗin kansa, wanda kuma ya kunna yanayin masu ƙirƙira yana iya jona kebul ya jawo log zuwa kwamfuta da umarnin adb logcat ko ta manhajar Meta Quest Developer Hub. Apple suna da Feedback Assistant da yake haɗawa da nasu log ɗin mai suna sysdiagnose. Ka rubuta ƙarfe nawa abin ya faru har da minti, log layi dubbai ne, lokacin shi zai kai su wurin.

Wata magana da ba a cika yi ba: duba abin da kake turawa. Bidiyon da aka ɗauka a yanayin da hedset yake nuna ɗakinka na zahiri yana ɗauke da ɗakin, da fuskokin mutanen gida, da takardar da ke kan tebur. Bidiyon gem na taro yana ɗauke da sunaye da muryoyin wasu da ba su ba ka izini ba. Log yana iya ƙunsar sunan akawun da sunan kwamfuta da lambar na'ura. Turawa kamfani kai tsaye daban, mannawa a inda kowa zai gani daban.

Rubutun kansa

Kan magana shi ne rabin rahoto. "Taimako!!!" ba kan magana ba ne. Ka sa me ya faru, a ina, a wane hali, cikin layi ɗaya. Ga misalin yadda gaba ɗayansa zai kasance, gem ɗin ƙage ne:

Kan magana: Sauti yana ɓacewa in an cire hedset aka mayar lokacin lodin mataki.
Na'ura: Quest 3, sigar tsari kaza, sigar gem kaza, ba a jone da kwamfuta ba, ba iyafis.
Taku: buɗe gem, zaɓi kowane mataki, da allon lodi ya fito ka cire hedset ka ƙirga biyar ka mayar.
Abin da ya kamata: mataki ya buɗe da sauti.
Abin da ya faru: hoto lafiya, sauti babu sam har sai an rufe gem an sake buɗewa. Sautin menu na hedset yana nan.
Yawan faruwa: takwas cikin goma.
Na gwada: ristat, goge gem da sake saukewa, wani gem daban kuma ba ya yi.
Yaushe ta fara: bayan afdet ɗin gem na ƙarshe, kafin nan ba ta yi.

Ka ga babu zagi, babu tarihin yadda ka tara kuɗi ka sayi hedset, babu barazanar komawa wani kamfani. Lambar siga ka kwafo ta daga saiti yadda take, kar ka ce "na ƙarshe", domin Meta ba rana ɗaya take tura wa kowa afdet ba, a hankali take rabawa, na ƙarshenka ba lallai shi ne na ƙarshen wani ba. Layin "yaushe ta fara" kuwa zinare ne, in suka san tsakanin siga kaza da kaza abin ya karye sai su duba canje-canjen da aka yi a tsakanin kawai.

Ka raba abin da ka gani da abin da kake zato. Kana iya cewa kana zargin zafi ne, amma ka sa shi a ƙasa a matsayin zato. Galibi da Turanci ake karɓar rahoto, in ba ka sake da shi ba ka rubuta da Hausa a gajerun jimloli ka fassara da manhaja, tsarin nan na sama ba ya buƙatar iya turanci, bidiyon ma zai yi maka rabin maganar.

In jiri ne ko tashin zuciya, ka bayyana shi kamar yadda za ka bayyana kowace matsala, a wane motsi yake zuwa, juyawa da sanda ne, hawa matakala ne, ko lokacin da gem ya ƙwace kyamara ya juya maka kai ba da izininka ba. Masu ƙirƙira da yawa sun saba har ba sa ji, ba za su taɓa gano wurin da kansu ba.

Ina za a kai shi

Wurin mai alhakin, ta ƙofar da shi ya buɗe. Na tsarin hedset ta cikin hedset ko sashen tallafi na kamfanin. Na gem, duba shafinsa a kantin manhaja, yawanci akwai imel ko hanyar da suka ce a bi. Manhajoji masu buɗaɗɗen tushe irin ALVR, mai turo hoto daga kwamfuta, a shafin GitHub na masu rubuta manhaja suke karɓa, Valve ma tana karɓar na SteamVR na Linux a can. Kafin ka buɗe sabo ka bincika ko wani ya riga ka, in akwai sai ka ƙara naka bayanin a ƙarƙashinsa, amma ba "ni ma" kawai ba, ka faɗi na'urarka da sigarka, ta haka ake gane ko matsalar ta masu katin AMD ce kaɗai ko ta kowa.

Wurin ba da taurari ba wurin rahoto ba ne. Tauraro ɗaya ga ƙaramin mai ƙirƙira, wanda wataƙila su biyu ne ko shi kaɗai, yana taɓa cinikinsa kai tsaye, a kan abin da mai yiwuwa afdet ɗin tsarin ne ya karya ba shi ba. Ni a ganina ka fara tura masa, in ya yi kunnen ƙashi wata da watanni sannan ka rubuta abin da ya faru a bita, in ya gyara kuma ka koma ka gyara taurarinka.

Neman sabon abu, wannan wani fanni ne

A nan kuskuren da aka fi yi shi ne kawo magani a ɓoye ciwon. Mutum zai rubuta "ku sa maɓalli ja a kusurwar hagu", bai faɗi me yake damunsa ba. Fara da halin da kake ciki: wane ne kai, me kake son yi, me ya hana ka, yanzu da wace dabara kake lallaɓawa. "Ina wasa a zaune saboda ba na iya tsayuwa, abubuwan da suka faɗi ƙasa a gem ɗin ba na iya kai hannu gare su, dole sai na sake mataki." Mai ƙirƙira da ya karanta wannan yana da hanyoyi da yawa, ya sa a riƙa jawo abu daga nesa, ko ya sa maɓallin durƙusawa, ko saitin ɗaga tsawo, kuma shi ya san wanne ya fi sauƙi a yadda ya gina gem ɗin. Shawararka ta zo daga baya, a matsayin shawara.

Sannan ka nemi ƙarami. "Ku mayar da gem ɗin na mutum da yawa" aikin shekara ne ko fiye, kusan sake gini ne. "Ku ƙara zaɓin juyawa tsalle-tsalle na digiri 30 ban da 45" aikin da ake iya yi a afdet mai zuwa ne. Ka nemi a sa shi zaɓi a saiti, kar ka nemi a canza wa kowa, don duk abin da kake ƙi akwai wanda shi ya kawo shi. Ka nuna su waye kuma za su amfana: rubutun magana a ƙasan allo kurame suke buƙata amma mai wasa da daddare da wanda Turancinsa bai nuna ba duk suna so, yanayin hannu ɗaya ko na bahago ma haka. In wata manhaja ta riga ta yi abin, ambace ta, ba don gori ba, don su ga yadda yake aiki.

Ka kuma san abin da manhaja ba za ta iya ba. Quest 2 da Quest 3 ba su da kyamarar bin ido, Quest Pro da PSVR2 da Vision Pro ne suke da ita, babu yawan ƙuri'ar da zai sa afdet ya dasa ta. Sau da yawa kuma sabon abu yana cin batir da zafi da waɗancan milisakan 11 ɗin, in ka nuna ka san da haka, misali ka ce ka yarda hoto ya ɗan ragu in an kunna zaɓin, ana ɗaukar ka a wanda ya san abin da yake faɗa.

Ana samu kuwa? Ana samu, sai dai ba a saurin da muke so ba. Quest 2 ya fito a Oktoban 2020 yana gudu a 72Hz, daga baya afdet ya buɗe 90, a Afrilun 2021 kuma 120 ya zo a matsayin gwaji tare da Air Link. Turo gem ɗin kwamfuta ta iska kuwa Guy Godin mai Virtual Desktop ya riga ya yi shi tun 2019, Oculus, tsohon sunan sashen VR na Meta, ta sa ya cire daga sigar kanti, mutane suka koma saka shi ta SideQuest, wata hanyar saka manhaja daga wajen kanti, sai a farkon 2021 aka bar shi ya dawo. Yanayin kwanciya, wanda marasa lafiya da masu kallon fim a gado suka daɗe suna nema, a 2024 ya shigo Quest, a shekarar ne kuma aka kawo yanayin tafiya na cikin jirgin sama. Sony ta fitar da adaftar haɗa PSVR2 da kwamfuta a Agustan 2024, amma ba tare da HDR, wato ƙarin haske da launin hoto, da bin ido ba, wato an ba da rabi an riƙe rabi.

Mafi shahara shi ne tilasta wa masu Quest shiga da akawun ɗin Facebook da aka fara a 2020, aka yi ta kuka, a Agustan 2022 aka kawo akawun ɗin Meta daban. Amma kar a ce kukan masu amfani ne kaɗai, a Jamus an dakatar da sayar da hedset ɗin, hukumar hana babakere ta ƙasar kuma ta buɗe bincike a kai. Akwai kuma inda kuka bai yi aiki ba ko kaɗan: Microsoft ta sanar da yin watsi da tsarinta na VR mai suna Windows Mixed Reality a Disambar 2023, ta cire shi daga Windows 11 sigar 24H2, masu hedset ɗin HP Reverb G2 da ya dogara da shi suka yi ta roƙo ba ta janye ba. Abin da ya shafi lissafin kasuwancin kamfani, rahoto mai kyau ba ya juya shi. Ƙarfinka ya fi tasiri a wurin ƙananan masu ƙirƙira da kuma abubuwan da ba su ci karo da aljihun kowa ba.

Bayan ka tura

Ajiye lambar tikitin da kwafin abin da ka rubuta. In suka dawo da tambaya ka amsa da wuri, rahotanni da yawa a nan suke mutuwa, injiniya ya nemi log mai rahoto ya ɓace. In amsar farko ta zo irin ta gwangwani, ka yi ristat ka goge ka sake saukewa, kar ka fusata, ka nuna musu layin da ka riga ka faɗi haka ka nemi a miƙa gaba. Amma in aka ce ka mayar da hedset yadda ya fito daga kamfani, tsaya ka tabbatar ajiyar gem ɗinka da bidiyoyinka suna wani wuri tukuna, don komai zai tafi.

Duk afdet da ya fito ka sake bin takun nan naka, ka koma ka faɗa, ta gyaru a siga kaza ko har yanzu tana nan a siga kaza. Sau ɗaya a kowace siga ya isa, kullum-kullum damu ne. In ka gano wata dabarar kaucewa ka rubuta ta a wurin, tana taimakon wasu kuma tana ƙara nuna wa injiniya inda ciwon yake.

Wanda yake so maganarsa ta riƙa isa da wuri sai ya shiga gwajin siga kafin ta fito, wato beta, Public Test Channel a Quest, SteamVR beta a Steam, ko beta na visionOS a Vision Pro. A wannan lokacin ne injiniyoyi suka fi buɗe kunne, kuma gyara ya fi arha kafin abin ya kai ga miliyoyin mutane. Sai dai ka shiga da sanin cewa abubuwa za su karye, a SteamVR komawa baya danna biyu ne, a Quest kuwa ko ka fita daga gwajin yawanci sai ka jira siga ta gaba ta kowa da kowa ta iso ka. In hedset ɗin da shi kake aiki ko koyarwa, ko shi ke nan gare ka kuma akwai gasar da kake shirin shiga a makon, bar beta ga wasu.